Abin da Na Zuba a Ƙarfen Gada

Ranar sunan ’yar ɗana Bashir ina zaune a ƙarƙashin rumfa, na ji shi da kunnena yana ba abokansa labarin yadda ubansa ya yi wa narkakken ƙarfe asiri ya daina tsagewa. Yana faɗa yana dariya, su ma suna dariya, amma na lura bai ƙaryata ba, kuma da ɗaya daga cikinsu ya waiwayo muka haɗa ido sai ya gyara zama. Na bar su da hirarsu, saboda taro ne. Tun ranar na ƙudurta zan rubuta wannan babi a tsanake, don ku ’ya’yana ku san abin da ya faru a shekarar gada, ku kuma san abin da na riƙe a hannuna, tun ina raye kuna iya tambayata.

Kun san aikina ƙarfe ne. Ina saurayi aka tura mu Rasha koyon narka shi, daga can na yi aiki a Masar, na yi a Indiya, na ɗan zauna a Abijan, kowane wuri na kwaso harshensu na taho da shi. Ni mutum ne da ya saba ɗaure kaya. An haife ni a Funtuwa, amma duk inda aka ba ni gado da aiki nakan zauna, in lokaci ya yi in tashi ban waiwaya ba. Iyarku ba haka take ba. A Agege aka haife ta, a gidan nan da muke ciki, wanda kakanta ya gina bayan ya bar soja a zamanin Turawa. Yarbanci take yi a kasuwa, Hausa a gida, in ranta ya ɓaci ta haɗa su duka biyun. Arewa a wurinta wurin zuwa biki ne da ta’aziyya. Ba ta taɓa yin wata guda a can ba.

A shekarar da ta biyo bayan komawar soja bariki, mun yi murna kamar kowa, amma murnar ba ta daɗe ba. Samari suka kafa ƙungiyoyi, kowane ɓangare da nasa, tsoron soja da ya danne su ya kau. A unguwarmu faɗan ya tashi ne a tashar danfo, motocin hayan nan na Legas, a kan wanda ke da ikon tsara layi, kafin azahar ya zama na Hausawa da Yarbawa. An ji wa mutane ciwo, an ƙona rumfuna, an kuma ƙona gadar katako da ke kan babban lambatun da ya raba mu da unguwar Yarbawa. Ta kan katakon nan matanmu ke zuwa kasuwa da asibiti, ta kansa matansu ke zuwa sayen nama da albasa. Bayan faɗan ba mai tsallakawa. Motocin shanu da suka saba komawa arewa wayam suka fara komawa da mata da yara da katifu. Kawunku Isiyaku, ƙanen Iyarku, yana tuƙa ɗaya daga cikinsu, kuma duk zuwansa sai ya shigo ya tsaya a tsakar gida ya lissafa mata gidajen da suka tashi, ya ce ya bar mata wuri a gaba kusa da shi.

Wata rana bayan ya fita ta same ni a zaure ta ce:

“Alhaji, kai duk inda aka ajiye ka sai ka koyi yarensu ka miƙe ƙafa. Ni ina za a kai ni? Funtuwa, su fito kallo su ce ga Bayarbiya ta zo?”

Na ce mata babu mai kai ta ko’ina. Ta ce ba ni ke da wannan maganar ba, samarin tasha ke da ita. Ta kuma gaya mini abin da ta yanke: saboda ku ƙanana, in aka sake faɗa ko alamarsa ta bayyana, za ta shiga motar Isiyaku, ko da za ta yi kuka har Jeba.

Dattawa ne suka shiga tsakani. Mai Unguwarmu, Malam Ɗanladi, da Baale, wato mai unguwar Yarbawa na wancan ɓangaren, sun san juna tun suna yara, suka zauna suka fito da wata dabara da ni kaina na yaba. Kowane ɓangare ya tattara makaman samarinsa, a narka su wuri guda, a ƙera sandunan da za a shimfiɗa sabuwar gada a kai. Akwai wani Bayarabe Musulmi, Baba Lamidi, mai ƙaramar ma’aikatar zubi a Ogba, ya ce zai yi aikin don Allah. Sai dai samarinmu sun kafa sharaɗi, kuma Mai Unguwa ya ɗaukar musu alkawari a masallaci: kowa zai kawo nasa a ɗaure cikin buhu, ba mai kwancewa, ba mai dubawa. Dalilinsu a fili yake. A unguwa irin tamu an san addar kowa da wuƙar kowa, wani ma an san wanda ya ɗinka masa kube. In aka baje su a ƙasa, an tona asirin wanda ya fita faɗa ke nan. Ga kuma layu da guraye da ke ɗaure a jikin makaman, waɗanda a wurinmu buɗe na wani abin kunya ne. Bindiga da albarushi kawai aka ce kada a sa. Samarin Baale suka ce su ma haka.

To yaya za a zuba buhu a tukunyar narka ƙarfe? Mahautanmu suka ce wannan mai sauƙi ne. Suka tara buhunan a fili, suka jera musu tsofaffin tayoyi yadda suke babbake fata a mayanka, suka cinna wuta, kowa ya tsaya nesa. Da wutar ta mutu, ƙotoci da kube da buhuna sun cinye, abin da ya rage tulin baƙin ƙarfe ne da ba mai gane na wane ne. Aka kwashe da shebur, da tokar da komai, aka loda a mota sai Ogba.

Na je kallon lodin, abin da na gani bai kwanta mini ba. Akwai kwaɗon ƙofa na tagulla da yawa, irin wanda ake kulle asiri a ciki. Akwai dalma mai nauyi, irin ta batir, da aka ɗura a kan gora, ta narke ta manne a jikin adduna. Na san kuma wasu layun da tozali ake haɗa su, ga tokar taya a kan komai. A Rasha na ga mata tsaye a bakin bel ɗin injin da ke tafiya da kaya suna tsince tarkacen ƙarfe ɗaya bayan ɗaya kafin ya kusanci wuta. A Indiya na ga tsoho yana goga kowane guntu a dutsen wasa, ya dubi tartsatsinsa, ya jefa shi tulin da ya dace. Ban taɓa ganin inda aka zuba ƙarfe a wuta ido rufe ba sai a garinmu, kuma don mutunci aka yi. Na ja Mai Unguwa gefe na gaya masa a bari a tsince. Ya ce ya gane, amma ya yi alkawari a gaban liman, in aka ga mutum ɗaya ya durƙusa yana jujjuya tulin nan, gobe ba wanda zai ƙara yarda da shi. Na ga gaskiyarsa, na ƙyale aka ci gaba da lodi.

An narka, an zuba a ramukan yashi, aka samu dunƙule-dunƙule masu kaurin cinya. Aka sa ranar da za a miƙar da su a gaban dattawan ɓangarorin biyu. Muka cika ma’aikatar Baba Lamidi, manyan rigunan Hausawa a hagu, agbadan Yarbawa a dama, samari a bakin ƙofa kowa yana harare-harare. Aka gasa dunƙulen farko har ya yi ja, aka ɗora shi a ƙarƙashin injin guduma. Bugun farko ya shige. Ana ci gaba sai gefensa ya buɗe kamar busasshen tuwo, ya rabe, rabi ya faɗo ƙasa yana tartsatsi. Aka kawo wani, shi ma haka.

A nan ne jin harsuna ya zame mini nauyi, don na ji abin da kowane ɓangare ke faɗa a ƙasa-ƙasa. Maƙwabtanmu Yarbawa, har Musulminsu da Kiristansu, sun gaji girmama ƙarfe. A kansa kakanninsu ke rantsuwa, kuma a wurinsu ƙarfe shaida ne. In ya tsage a wurin sulhu, wani ya yi rantsuwar ƙarya. Na ji wani yana cewa Hausawa sun sa abin da zai karya alkawari tun daga cikin buhu. A namu ɓangaren ana cewa maƙeran Yarbawa sun yi wa tukunyar yanka, wasu kuma na cewa ishara ce, jinin da ke jikin makaman ya ƙi haɗuwa. Baale ya tashi bai yi sallama ba. Kafin mu iso Agege labari ya riga mu, masu shago sun fara ja da ƙofofi.

Na tarar da Isiyaku a gida. Ya ce zai sauke shanu, ya yi lodin goro, ranar Asabar ya juya. Iyarku na zaune a kan tabarma, ba ta dube ni ba. Na fara bayani cewa ba asiri ba ne, datti ne a cikin ƙarfen, sai ya katse ni.

“Yaya Alhaji, ilminka na Rasha ne, addunan na Agege ne. Motata ba ta jiran ƙarfe ya yi hankali.”

Bari in gaya muku abin da ya tsaga ƙarfen, don shi ne tushen maganar. Taya tana da farar wuta a jikinta, tozali ma haka, ga dalma. In waɗannan suka shiga narkakken ƙarfe ba sa ƙonewa su ɓace. Ƙarfe in yana daskarewa ƙwaya-ƙwaya yake haɗuwa, su kuma sai su gudu su kwanta a tsakanin ƙwayoyin, siriri kamar fatar albasa. Wannan shimfiɗar tana narkewa tun kafin ƙarfen kansa ya yi laushi. Ku ɗauka an yi gini da tubali mai kyau amma aka haɗa shi da man shanu. Da sanyi yana tsaye, rana na bugunsa kowa ya tura sai ya zube. Abin da guduma ta yi ke nan.

Washegari Baba Lamidi ya aiko a kira ni. Mun san juna, na sha duba masa tukunya. Ya rufe ƙofar ofishinsa ya ce da Yarbanci yana da shawara. Yana da ƙarfen jirgin ruwa mai kyau a bayan ma’aikata. A sake kiran dattawa, a ce za a maimaita narkawa, a zuba mai kyau a ɓoye, tsagaggun kuma a binne su. Wa zai sani? Shawarar ta ja hankalina, don dabarar za ta yi aiki, kuma mutumin zaman lafiya yake nema. Amma na leƙa ta taga na ga ma’aikatansa: rabi Yarbawa, rabi ’yan Nijar masu kwana a unguwarmu. Na ce masa kafin Juma’a mai shayin bakin tasha zai san an musanya, kuma ranar da aka ji dattawa sun yi ƙarya a kan ƙarfen sulhu, ba mai sake zama a inda suka kira. Ya tambaye ni to me za a yi, tunda abin da ya narke ba ya tsintuwa. Na ce akwai hanya, na ga an yi ta, na kuma yi da hannuna, amma a manyan ma’aikatu, ba a tukunya irin tasa ba.

Daga nan na wuce wurin Mai Unguwa, muka tafi gidan Baale tare ta doguwar hanya, tunda ba gada. Na yi magana da Yarbanci, na maimaita da Hausa, don kada wani ya ce an ɓoye masa. Na ce ƙarfen nan dai za a mayar wuta, a gaban idon wakilan kowa. Zan zuba masa wani sinadari da zai kama dattin. Na kuma gaya musu gaskiya cewa tagulla ba ta kamuwa da komai, sai dai a rage mata ƙarfi, don haka makanikan kowane ɓangare su kawo tsofaffin sifirin na mota a ƙara a kai a fili. Baale ya dube ni ya tambaya in ya sake tsagewa fa. Na ce to a lokacin ba Hausawa ba ne, ba Yarbawa ba ne, ni ne ban iya aikina ba, kuma a faɗi haka a kasuwa. Ya ce ya ji, amma in sani samari ba sa rarrabe mutum da unguwarsa.

Da na gaya wa Iyarku sai ta ajiye abin da take yi.

“Da ba sunan kowa a kai, yanzu ka je ka sa naka. In ya fashe gidan wa za a fara nema?”

Na ce namu. Ta ce ta gode da ban yi mata ƙarya ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati daga ƙarƙashin gado.

Abin da na yi niyyar zubawa wasu ƙarafa ne ’yan gida ɗaya, waɗanda masana ke kira masu wuyar samu, ko da yake ba ƙarancinsu ne ya jawo sunan ba, wahalar raba su da juna ce. Manyansu biyu ana kiransu siriyam da lantanam, kuma a gauraye ake sayar da su. Kun sha riƙe su ba ku sani ba: ɗan dutsen da ke cikin leta, mai ba da tartsatsi in an murza, da su ake yin sa. Halinsu shi ne kwaɗayi. In suka shiga narkakken ƙarfe, farar wuta suke fara nema su rungume, haka dalma da abin da ke cikin tozali. Abin da suka kama yakan zama ƙananan ƙwayoyi masu tauri da ba sa narkewa da wuri. Wasu su taso sama su shiga kashin maƙera a kwashe, waɗanda suka rage su zauna a dunƙule, ba sa shimfiɗuwa a tsakanin ƙwayoyin ƙarfe balle su raba su. A Rasha na fara ganin haka, wurin wata tsohuwar injiniya da ke cewa su ’yan sandan tukunya ne, amma in ka tura su da yawa su ma sai su zama fitina.

Samun su a Legas shi ne aiki. Na tuna wani Ba’indiye da ke kula da zubi a wata ma’aikata wajen Apapa, wanda muka taɓa zama gari ɗaya a ƙasarsu. Na hau danfo, na sauka na hau okada, wato acaɓa, na same shi. Da na gaishe shi da harshensu na ba shi labari, ya yi dariya har ya share hawaye a kan maganar taya, sa’an nan ya daina dariya, ya ce a garinsu ma ya ga unguwa ta ƙone a kan abin da bai kai wannan ba. Ya buɗe wata durom ya ɗebo mini gutsattsari masu launin toka a cikin gwangwani, an jiƙa su da mai don kada iska ta ci su. Ya ja mini kunne a kan abin da na sani: kada in jefa su a sama, za su ƙone a banza, kuma in na zuba kada in tsaya hira.

Ranar Alhamis da hantsi muka sake taruwa, wannan karon wakilai kaɗan. Babban tsorona wutar lantarki ne, don tukunyar Baba Lamidi da ita take aiki, in aka ɗauke a tsakiya ƙarfen zai daskare a ciki. Allah ya sa ba a ɗauke ba. Tsagaggun dunƙulen suka shiga a gaban kowa, sifirin na Hausawa da na Yarbawa suka bi. Da ya narke na sa aka watsa farar ƙasa, aka bar ta ta ja abin da za ta iya ja, aka kwashe kashin da ya taso, aka maimaita. Hayaƙin dalma ya sa na kori kowa baya na ce a buɗe ƙofofi. Aka juye ƙarfen a babban bokitin zubi, na jefa alminiyam don ya shanye iskar da ke ciki, in ba haka ba ita za ta cinye sinadarin kafin ya kai ga dattin. Sa’an nan na ɗauko abin da na shirya. Na naɗe gutsattsarin a cikin fallen ƙarfe, na lanƙwasa bakinsa, na ɗaure da waya a kan doguwar sanda. Na ce bismillahi, kamar yadda nake cewa kafin kowane aiki, na luma sandar har gindin bokitin na riƙe. Wani farin haske ya tashi, bokitin ya yi gurnani, sandar na rawa a hannuna. Da ya lafa na sa aka share saman, muka zuba a yashi ba tare da jinkiri ba.

Sai da na cire tabarau na juyo na ga fuskokin mutane, sa’an nan na gane abin da suka gani. Dattijo ya kori kowa baya, ya fito da wani abu mai kusurwa huɗu a naɗe a ɗaure, ya motsa baki, ya nutsa shi a wuta, haske ya tashi. Ni kaina da a bakin ƙofa nake tsaye da na ce laya ce.

Ranar Juma’a da safe aka gasa dunƙulen farko. Na tsaya kusa da injin fiye da yadda ya kamata. Guduma ta sauka, ƙarfen ya baje. Ta sake sauka, ya miƙe. Mai riƙe da shi yana juyawa, ita tana bugu, yana ƙara tsawo kamar ana murza alkaki, gefensa sumul. Baba Lamidi bai yarda ba sai da ya sa aka lanƙwasa bakin sandar aka mayar, ya duba da kyau, ya ɗago ya ce wa Baale da Yarbanci ƙarfe ya karɓa. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya buɗe. Na nemi wuri a kan wani buhun yashi na zauna. Mai Unguwa da Baale suka kama sanda guda da ta huce, kowa da gefensa, suka fita da ita wurin samari.

Abin da ya biyo baya shi ne kuɗin da na biya, kuma ba na aljihu ba ne. Kafin a gama walda gadar, labari ya zaga cewa na kashe asirin da ke cikin ƙarfen da wanda ya fi shi. Yarbawa suka fara rusuna mini a hanya fiye da yadda shekaruna suka kai. Mata suka riƙa aiko wa Iyarku da yara masu ciwo. Na ɗauki leta na je majalisa ina nuna dutsen ciki ina bayani, ana gyaɗa kai ana cewa ai dole Alhaji ya faɗi haka. Liman ya fahimta, amma Mai Unguwa ya roƙe ni in rage bayanin. Ya ce samarin da suka yarda an karya mugun abu sun kwanta, in na tabbatar musu toka ce da dalma, wani zai tambaya wa ya sa dalmar. Na rage. Malam Hadi, wanda muka yi shekaru muna karatu tare bayan asuba, ya daina zuwa zaurena. Na bi shi gida na rantse masa, ya ce bai ce na yi shirka ba, amma mutane sun ɗauka na yi, kuma na bar su a haka. Har ya rasu muna gaisawa, bai sake cin abincin gidana ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Ku dai ku sani babu abin da ke cikin fallen nan sai ƙarfen da Allah ya halitta a ƙasa, kuma duk wanda ya koyi aikin zai iya abin da na yi.

Amma wannan duk daga baya ne. Ranar Asabar ɗin da hantsi Isiyaku ya tsayar da mota a bakin layi ya shigo, yana ta ƙorafin rana na yi. Ya riga ya ji labari a tasha, amma ya ce sanda ba ta hana faɗa, gara a tafi a ga yadda wata zai ƙare. Iyarku na bakin murhu. Tun jiya ba ta ce mini komai a kan maganar ba, sannu da zuwa kawai ta yi mini ta ajiye abinci. Ta bar shi ya gama, sa’an nan ta ce matar Baale ta aiko da safe tana tambaya ko za a samu albasa mai kyau ranar da za a buɗe gada, kuma ta ce mata za a samu. Isiyaku ya juyo wurina ya rage murya, ya ce tsakaninmu, me na zuba a ƙarfen nan? Na buɗe baki zan fara, ta riga ni.

“Ko me ya zuba, ba a motarka zan kwana ba. Tashi ka kama hanya. In za ka dawo ka taho mini da kuka da daddawa, kuma ka duba da idonka, ta wancan karon rabinta ƙasa ce.”

Na raka shi bakin layi. Ya hau ya tayar da mota, na leƙa bayanta don in ga su wa za mu yi wa sallama. Buhunan goro ne kawai a ciki.